Yadda Ake Ceto Fayil ɗin Excel Mai Makuro Idan Yana Sa Manhajar Rufe Kanta

An sha yi mini wannan tambaya, kuma kusan kowa da bayani iri ɗaya yake zuwa. Fayil ne da aka daɗe ana aiki da shi, akwai makuro a ciki, wato rubutattun umarni da ke sa Excel yin aiki da kansa, jiya lafiya lau, yau kuwa da an danna shi sai Excel ya yi fari ya sandare, ko ya ɓace daga allo babu ko sallama. A wurin wasu fayil ɗin yana buɗewa, sai an danna Enable Content, maɓallin da ke ba makuro izinin aiki, tagar ta rufe. A wurin wasu kuma sai an zo ajiye aiki.

Sau da yawa alƙaluman da ke cikin shafukan suna nan kalau. Ɓangaren makuro ne ya samu matsala, shi kuwa wurinsa daban ne a cikin fayil. Saboda haka aikin shi ne a buɗe fayil ɗin ba tare da an bar makuro ya motsa ba, a kwashe bayanai, a kwashe rubutun makuro, sannan a sake haɗa su a wuri mai tsabta. Matakan na Excel ne a kan Windows, daga sigar 2010 zuwa Microsoft 365, kuma na bar sunayen maɓallai yadda za ka gan su a allo. Na jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Inda fayil ya warke, nan za ka tsaya.

Kayan aikin ba su da yawa: Notepad da ke zuwa da Windows, da 7-Zip, da LibreOffice idan abin ya kai can. Duka kyauta ne. In da hali a samu kwamfuta ta biyu mai Excel, domin tana rage wahala ƙwarai.

1. Yi kwafi kafin ka taɓa komai

Rufe Excel, ka buɗe Task Manager ka tabbata babu ragowarsa da ke aiki a ɓoye. Bayan ya faɗi yakan bar wani sashe nasa riƙe da fayil ɗin. In ka gan shi, danna End task.

Buɗe sabuwar folda a kan kwamfutar kanta, misali C:\Ceto, ka zuba kwafi uku na fayil ɗin, ka ba su sababbin sunaye: gwaji1, gwaji2, gwaji3. Na asali kuma ka bar shi inda yake. Idan a fulash yake, ko a foldar da ma'aikata ke tarayya a kanta, ko a OneDrive, kada ka yi gwaji a can.

Gargaɗi: duk lokacin da Excel ya ce ya gyara fayil kuma ka danna Save, abin da ya yanke ya tafi ke nan. Mutane da yawa a nan suke rasa makuronsu.

Dubi girman fayil ɗin ma. In ya nuna 0 KB, ko ya ragu sosai daga yadda ka san shi, to ajiyar ƙarshe ce ba ta kammala ba, kuma babu dabarar da za ta dawo da abin da ba a rubuta ba. Tsohuwar siga ce kaɗai mafita.

2. Nemi tsohuwar siga

Wannan mintuna kaɗan yake ci, kuma yakan kashe maganar gaba ɗaya. In fayil ɗin yana OneDrive ko SharePoint, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Version history, ka sauke sigar jiya ko shekaranjiya. In a kwamfuta yake, danna dama, Properties, sannan Previous Versions, sai dai wannan ba ya nuna komai in ba a kunna File History tun da farko ba. A cikin Excel kuma akwai File, Info, Manage Workbook, Recover Unsaved Workbooks. Duba imel ɗinka ma, wataƙila ka taɓa tura wa wani.

Ko da sigar da ka samu ta tsufa, riƙe ta. Makuro ba ya canzawa kullum kamar alƙaluma, don haka kana iya ɗauko makuro daga tsohon fayil, bayanai kuma daga sabon.

3. Gano mai laifi: Excel ne ko fayil?

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta excel /safe, ka danna Enter. Ko ka riƙe Ctrl yayin da kake buɗe Excel. A wannan yanayi na kariya ba ya ɗora ƙarin manhajojin da aka liƙa masa, ba ya kuma buɗe fayilolin da ke tashi tare da shi. Daga nan buɗe gwaji1.

In ya buɗe lafiya, mai yiwuwa fayil ɗinka ba shi da laifi, wani abu ne a gefen Excel. Wurare uku ake dubawa. Na farko File, Options, Add-ins: a ƙasa zaɓi COM Add-ins, danna Go, cire alamar dukkansu, sannan ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya kana rufe Excel kana buɗewa har mai laifin ya bayyana. Haka za ka yi wa Excel Add-ins. Na biyu foldar XLSTART, wadda za ka samu in ka rubuta %appdata%\Microsoft\Excel\XLSTART a File Explorer. A nan PERSONAL.XLSB yake zama, wato ma'ajiyar makuronka na kanka, kuma shi ma yana lalacewa. Matsar da shi zuwa wata folda, kada ka goge. Na uku firinta. Abin da mamaki, amma Excel yana tuntuɓar firinta don tsara shafi, kuma direban firinta mara kyau yana kayar da shi. Mayar da Microsoft Print to PDF a matsayin babbar firinta ka sake gwadawa.

Idan ko fayil mara komai yana kayar da Excel, to Office ne ke neman gyara. A jerin manhajojin Windows zaɓi Office, danna Modify ko Change, ka fara da Quick Repair. In bai yi ba sai Online Repair, wanda ke buƙatar intanet da lokaci.

Akwai shaidar da mutane kaɗan ke dubawa. Danna Windows da R, rubuta eventvwr, shiga Windows Logs, sannan Application. Nemi kuskure mai lamba 1000 da ya zo daidai lokacin da Excel ya faɗi, ka karanta layin Faulting module name. In ka ga VBE7.DLL, injin makuro ne ya faɗi, kuma matakai na 4 zuwa 6 naka ne. In FM20.DLL ne, matsalar tana wajen fom-fom da maɓallan ActiveX, wato wani nau'in maɓallai da ake dasawa a shafi.

Wani abu da ake ruɗewa a kai: jan layi a saman taga da ke cewa Microsoft ya toshe makuro ba alamar lalacewa ba ce. Tun 2022 Office ke toshe makuron fayilolin da suka zo daga intanet ko imel. Ana cire shi ta Properties, a sa alama a Unblock. Amma in ba ka san wanda ya turo fayil ɗin ba, kuma ga shi yana kayar da Excel, kada ka buɗe masa ƙofa. Makuro hanya ce da masu kutse suka daɗe suna bi.

4. Buɗe fayil ɗin makuro na daure

Yanayin kariya na mataki na 3 ba shi ne zai hana makuron da ke cikin fayil ɗinka tashi ba. Wannan sai ka yi da hannunka.

Buɗe Excel shi kaɗai, da fayil mara komai. Je File, Options, Trust Center, Trust Center Settings, Macro Settings, ka zaɓi wanda ke hana makuro amma yana sanar da kai. A sababbin sigogi sunansa Disable VBA macros with notification. A sashen ActiveX Settings ma zaɓi wanda ke hana su duka. Kafin ka fita daga wannan fayil mara komai, je Formulas, Calculation Options, ka zaɓi Manual. Excel yana bin tsarin lissafin fayil ɗin da aka fara buɗewa, don haka wanda ya lalace zai shigo ba tare da an sake lissafa fomulolinsa ba.

Ga dalilin da ya sa na ce a canza suna da folda. Ranar da ka fara danna Enable Content, Excel ya rubuta fayil ɗin cikin amintattu, da sunansa da wurinsa. Daga ranar ba ya ƙara tambayarka, makuro tashi kawai yake yi. Sabon suna a sabuwar folda yana sa ya ɗauke shi baƙo. In duk da haka bai tambaye ka ba, shiga Trusted Documents ka danna Clear, ka kuma tabbata foldar Ceto ba ta cikin Trusted Locations.

Yanzu je File, Open, Browse, zaɓi gwaji1, ka riƙe Shift, ka danna Open, kada ka saki sai fayil ya gama buɗewa. Shift yana hana Workbook_Open da Auto_Open aiki, su ne makuron da ke tashi da kansu.

Gargaɗi: layukan rawaya iri biyu ne. Enable Editing za ka iya dannawa, ba ya tayar da makuro, kuma sai da shi za ka iya shiga wurin rubutun makuro. Enable Content shi ne ba za ka taɓa ba.

In fayil ya buɗe, abu na farko shi ne File, Save As, ka ajiye kwafi a matsayin xlsx da wani suna. Excel zai ce ba za a ajiye makuro ba, ka amince. Tsarin xlsx ba ya ɗaukar makuro sam, don haka bayananka sun tsira ke nan, ko me zai faru a gaba. Rufe, ka sake buɗe gwaji1 ta hanya guda.

5. Sake harhaɗa makuron

Wannan mataki shi ne ya fi warkar da irin wannan ciwo, don haka zan ɗan tsaya a kansa.

Fayil mai makuro ba rubutun da aka rubuta kaɗai yake ajiyewa ba. Yana kuma ajiye sarrafaffen kwafi da injin VBA, wato harshen da ake rubuta makuro da shi, ya riga ya shirya don gudu da sauri. Idan an yi ta gyara rubutun shekara da shekaru, ko fayil yana yawo tsakanin kwamfutoci masu sigar Office daban-daban, ko an sabunta Office, wannan sarrafaffen kwafi yana iya saɓawa da rubutun. Excel ya zo ɗora shi, sai ya faɗi. Rubutun kansa babu abin da ya same shi. Maganin shi ne a tilasta wa injin ya watsar da tsohon ya shirya sabo.

Da fayil a buɗe, makuro a daure, danna Alt da F11 don buɗe tagar VBA, inda rubutun makuro yake. Kafin komai, je Tools, References. Duk layin da ya fara da kalmar MISSING yana nufin makuron na neman wani ɗakin umarni da babu shi a wannan kwamfutar. Shi ne ke kawo saƙon Can't find project or library, wanda ke nuna yatsa ga umarni marasa laifi irin su Left ko Date. Rubuta sunan layin a takarda, sannan ka cire alamarsa. Wannan yakan faru in an rubuta makuro a sabon Office aka buɗe a tsoho.

Sannan je Debug, ka danna Compile VBAProject, wannan shi ne harhaɗawar. In ya yi toka-toka ba ya dannuwa, shiga kowane modul, wato sashen da ke ɗauke da rubutun makuro, ka ƙara layi ɗaya mara komai, zai dawo. Abu biyu ke iya faruwa. Ko dai ya wuce shiru, wato ya kammala, ko ya tsaya a wani layi ya nuna kuskure. In ya tsaya, gyara layin ko ka sa alamar ' a farkonsa don a tsallake shi na ɗan lokaci, ka sake dannawa har ya wuce shiru.

Kurakurai biyu sun fi fitowa a nan. Ɗaya shi ne layukan da suka fara da Declare, waɗanda ke kiran Windows kai tsaye. A Office mai 64-bit dole a sa kalmar PtrSafe bayan Declare, kuma wuraren da ke riƙe da adireshin ƙwaƙwalwa su koma LongPtr maimakon Long.

Gargaɗi: liƙa PtrSafe kawai yana kashe saƙon kuskure, amma in ba a gyara Long ɗin da ya kamata ba, Excel na iya faɗuwa nan take ba tare da saƙo ba. Wannan ya fi na farkon muni, domin ba ya barin alama. Za ka ga nau'in Office ɗinka a File, Account, About Excel.

Ɗaya kuskuren shi ne Procedure too large, wato aiki guda ya yi tsawon da ya wuce iyakar 64K bayan an harhaɗa. Makuron da aka naɗa da Record Macro su suka fi yin haka. Raba shi gida biyu ko uku.

Da ya wuce shiru, danna Save daga nan, rufe Excel gaba ɗaya, sake buɗe fayil ɗin, ka danna Enable Content. In ya tsaya da ƙafarsa, an gama. Ka wuce zuwa mataki na 11.

6. Fitar da rubutun, ka sake shigar da shi

In harhaɗawa ba ta isa ba, sai a wanke modul-modul ɗin. A tagar Alt da F11, danna dama a kan kowane modul ka zaɓi Export File, ka ajiye a foldar Ceto. Na yau da kullum suna fita da bas, na aji (Class Module) da cls, fom kuma yana fita da fayil biyu, frm da frx. Kada ka raba biyun nan, domin frx ne ke riƙe da zanen fom ɗin. Abin da ake fitarwa rubutu ne zalla, sarrafaffen kwafin ba ya bin sa.

Rubutun da ke ƙarƙashin ThisWorkbook da na kowane shafi ba a shigar da shi ta wannan hanya. In ka gwada, zai dawo a matsayin modul na aji, ba zai yi aiki ba. Buɗe kowanne, kwafe rubutun zuwa Notepad, ka rubuta sunan inda ya fito. Wannan ne aka fi mantawa, sai daga baya a ga maɓalli ya daina amsawa.

Yanzu buɗe kwafin xlsx da ka ajiye a mataki na 4, ajiye shi a matsayin xlsm da sabon suna, shigo da modul-modul ta File, Import File, manna rubutun shafuka a wurarensu, mayar da alamomin References da ake buƙata, ka harhaɗa, ka ajiye. Ni nakan shigo da fom-fom a ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, ina rufewa ina buɗewa bayan kowanne, don sun fi saurin zama tushen matsala.

In an kulle makuron da kalmar sirri kuma ba kai ka rubuta ba, koma wurin wanda ya rubuta. Ya fi kusa da samun kwafi mai lafiya.

7. Open and Repair

Wannan na fayil ɗin da ya ƙi buɗewa ne ko da makuro na daure. Je File, Open, Browse, zaɓi gwaji2 da danni ɗaya, ka danna 'yar kibiyar da ke gefen Open, ka zaɓi Open and Repair. Fara da Repair. In ya gaza, maimaita ka zaɓi Extract Data, inda zai tambaye ka ko ya ceto fomuloli ko ya mayar da su alƙaluma.

Karanta rahoton da yake nunawa. In ka ga Removed Part tare da vbaProject.bin, ya cire makuron dungurungum. Bayanai sun samu, makuro kuma sai a nemo shi daga wani kwafin. Shi ya sa ban sa wannan mataki a gaba ba, duk da shi aka fi sani.

8. Shiga cikin fayil ɗin da 7-Zip

Tun daga Office 2007, fayilolin xlsx da xlsm jakar zip ce mai ɗauke da ƙananan fayiloli. Haka xlsb. Danna dama a kan gwaji3, zaɓi 7-Zip, Open archive. A foldar xl za ka ga vbaProject.bin, makuron duka ke nan. A xl\worksheets akwai sheet1.xml da 'yan uwansa, nan alƙaluma da fomuloli suke. Rubuce-rubucen da ke cikin gurabu kuma suna sharedStrings.xml.

Fara da danna Test. Zai gaya maka ko akwai sashen da ya fashe, da sunansa. In vbaProject.bin ne, bayananka lafiya. In shafi ɗaya ne, sauran za su ceto. In sharedStrings.xml ne, lambobi za su dawo amma kalmomi suna cikin haɗari.

Don raba makuro da bayanai, ja vbaProject.bin zuwa foldar Ceto ka adana, sannan ka goge shi daga cikin jakar. Shiga xl\_rels, danna dama a kan workbook.xml.rels, zaɓi Edit. Nemo guntun da ya ambaci vbaProject.bin, ka goge shi tun daga inda ya fara da <Relationship har zuwa /> da ya rufe shi, kada ka taɓa na kusa da shi. Ajiye, ka amince 7-Zip ya sabunta jakar, ka buɗe fayil ɗin a Excel da sunansa na xlsm. In ya nemi yin gyara, bar shi ya yi. Haka ake yi wa calcChain.xml in shi ne ake zargi. Jerin tsarin lissafi ne kawai, Excel yana sake gina shi.

Shi kuma vbaProject.bin da ka adana, ƙirƙiri sabon fayil, naɗa ɗan makuro na banza a ciki, ajiye a matsayin xlsm, rufe, sannan ka buɗe shi da 7-Zip ka musanya nasa vbaProject.bin da naka. Buɗe shi makuro a daure, danna Alt da F11. Sau da yawa rubutun yakan bayyana, sai ka fitar da shi kamar a mataki na 6. Wannan fayil na karatu ne kawai, kada ka ci gaba da aiki a cikinsa.

Gargaɗi biyu. Yi gyaran a cikin tagar 7-Zip. In ka zazzage komai a folda sannan ka matse foldar kanta, za a samu ƙarin folda a sama, Excel kuma zai ƙi fayil ɗin. Na biyu, tsohon tsarin xls da fayil ɗin da aka kulle da kalmar sirrin buɗewa ba zip ba ne, wannan mataki bai shafe su ba.

9. Idan Excel ya ƙi sam

Saura hanyoyi huɗu.

A sabon fayil, a gurbin A1, rubuta ='C:\Ceto\[gwaji1.xlsm]Sheet1'!A1 da ainihin sunan shafinka a madadin Sheet1, ka ja fomular ƙasa da gefe. Excel zai karanto alƙaluman ba tare da ya buɗe fayil ɗin ba. Gurabu marasa komai za su zo da sifili, kwanan wata zai zo da lamba sai ka gyara masa tsari, fomuloli kuma ba za su zo ba. Da ka gama, kwafe duka ka manna ta Paste Special, Values.

Excel na intanet yana buɗe xlsm amma ba ya gudanar da VBA, don haka fayil ɗin da ke kayar da na kwamfuta yakan buɗe a can. Google Sheets ma ba ya gudanar da shi.

LibreOffice Calc yana da nasa injin, kuma yana jure fayilolin da Excel ya ƙi. Rubutun makuro yana Tools, Macros, Edit Macros. Kwafe shi zuwa Notepad, ka cire layukan da ya ƙara a sama, irin su Option VBASupport 1. Bayanai kuma ajiye su da sabon suna, kada ka danne fayil ɗinka.

Ga wanda ya iya Python, rubuta pip install oletools, sannan olevba -c gwaji1.xlsm > makuro.txt. An yi wannan kayan aiki ne don masu binciken fayilolin kutse, amma yana zaro rubutun kowane modul ba tare da Excel ba. Zanen fom ne kawai ba ya dawowa, sai ka sake zanawa.

Akwai manhajojin ceto na kuɗi. Shawarata kada ka biya sai ka ƙare matakan nan, kuma sai samfurin gwajinsu ya nuna maka ainihin abin da kake nema. Duba musamman ko makuro na cikin abin da suka yi alƙawari. Shafukan da ke cewa a ɗora fayil su gyara kuwa, ka tuna kana miƙa bayanan aikinka ne ga wanda ba ka sani ba.

10. Sake gina fayil, da makuron da shi ne ke kashe kansa

In lalacewar ta shiga shafukan, gina sabo. Buɗe shafuka masu suna iri ɗaya da na da, sannan ka kwafo gurabu, ba shafi sukutum ba, domin Move or Copy yana ɗauko cutar tare da shafin. Kwafo iya inda bayanai suka tsaya. Danna Ctrl da End a tsohon: in ya kai ka can kusa da layi na 1,048,576 alhali bayananka ba su wuce layi dubu ba, ka ga abin da ke kumbura fayil ɗin. Fomulolin da suka zo suna nuni ga tsohon fayil ana juyo su ta Data, Edit Links, Change Source, wanda a sababbin sigogi ake kira Workbook Links. Danna Ctrl da F3 ka share sunayen da suka koma #REF!. Kowane shafi kuma yana da suna na biyu da makuro ke kiran sa da shi, wanda ake gani a layin farko na Properties a tagar VBA. Daidaita shi da na tsohon.

In bayan duk wannan Excel na faɗuwa a daidai wuri ɗaya, to fayil bai lalace ba, rubutun ne ke da kuskure. Wanda ya fi yawa shi ne Worksheet_Change, makuron da ke tashi in an canza wani gurbi, idan shi ma yana rubutu a gurbi: rubutun ya sake tayar da shi, shi kuma ya sake rubutu, har Excel ya ce Out of stack space ko ya ɓace. Sa Application.EnableEvents = False kafin rubutun, ka mayar da True bayansa, har da wurin da ake kama kuskure. In makuro ya tsaya a tsakiya ya bar shi a False, makuron da ke tashi da kansu za su yi shiru, sai ka danna Ctrl da G a tagar VBA ka rubuta Application.EnableEvents = True. Don kama layin da ke kisa, rubuta Stop a farkon Workbook_Open, ka bi shi layi-layi da F8. Makuron da ya shiga zagaye mara ƙarewa kuma Esc ko Ctrl da Break kan tsayar da shi.

Maɓallan ActiveX suna da nasu hali. Office yana ajiye musu fayilolin wucin gadi masu ƙarewa da exd, kuma in sun tsufa bayan sabuntawa sai maɓallai su daina aiki, kamar yadda ya faru ga jama'a da yawa a Disambar 2014. Rufe duk manhajojin Office, shiga %temp%\Excel8.0 da %temp%\VBE, ka goge su, za su sake fitowa da kansu. Lura da kyau: exd, ba exe ba. Tunda Office 2024 ya zo da ActiveX a kashe, in maɓallin aikinsa kiran makuro ne kawai, musanya shi da na Form Controls.

11. Mayar da saituna

Koma Calculation Options ka mayar da Automatic, in ba haka ba fomuloli za su riƙa nuna tsofaffin amsoshi ba ka sani ba, kuma wannan saiti yana bin fayil in an ajiye shi. Mayar da ActiveX Settings da firinta da PERSONAL.XLSB in ba su da laifi. Saitin makuro mai sanarwa kuwa, bar shi haka.

Gwada kowane makuro sau ɗaya, ka kwatanta jimloli biyu ko uku da wani tsohon rahoto kafin ka miƙa wa abokan aiki. Fitar da modul-modul ɗin da suka warke ka adana su daban, ka kuma maimaita hakan duk lokacin da aka yi musu babban gyara. Daina buɗe fayil kai tsaye daga fulash, kwafo shi ka yi aiki ka mayar. Sannan a tagar Save As danna Tools, General Options, ka sa alama a Always create backup. Daga nan duk ajiyar da ka yi, Excel zai bar sigar da ta gabata a folda guda, da suna mai farawa da Backup of, mai ƙarewa da xlk. Idan ka zo buɗe ta yana iya gargaɗin cewa tsarin fayil bai dace da sunansa ba. Danna Yes, ka ajiye ta a matsayin xlsm.